Kundin mahaɗai a intanet: kowane kamfani da tiyarshi

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwar Cadawa, ya kuma sake awo a kasuwar Gazawa ko ta Gidan Rumji, ya san cewa sunan tiya ɗaya ne amma cikinta ba ɗaya ba ne. Wata ta fi wata zurfi, wani mai awo yana tula ta har ta yi tozo, wani kuma yana shafe mata baki. Shi ya sa ma'aikatar SIMA, mai bin farashin kayan gona a kasuwannin ƙasarmu, take mayar da lissafi bisa kilo kafin ta kwatanta wannan kasuwa da waccan. In ba a daidaita ma'auni ba, kwatanci gardama yake zama.

Maganarmu ta wannan mako ta shafi wata tiya ce ta daban, wadda ta shigo mana ta hanyar intanet. Yau akwai ƙungiyoyin manoma, da gidajen rediyon karkara, da ƴan kasuwa, da matasa masu rubuta labarai, waɗanda suka buɗe gidansu a intanet ko suke shirin buɗewa, kuma burin kowa shi ne in an nemi abu a Google a tarar da sunanshi a sahun gaba. Wannan buri ya haifi sana'a, wadda ake ce ma référencement da Faransanci, wato gyaran shafi domin injin bincike ya fifita shi. Masu wannan sana'a kuwa, na kirki da na banza, sukan zo ma mutum da takarda cike da alƙaluma: mahaɗai kaza ke nuna gidanka, kaza ke nuna na abokin takararka, makinka 8, nashi 35, biya mu gyara maka. Tambayar da ba a cika yi musu ba ita ce: da wace tiya aka yi wannan awo?

Mahaɗi shaida ne

Mahaɗi shi ne kalma ko hoton da mai karatu zai taɓa a wani shafi, ya tarar da kanshi a wani shafin. In wata jarida ta Yamai ta rubuta labari a kan noman aya, ta kuma sa mahaɗi zuwa gidan wata ƙungiyar manoma ta Agye, to ƙungiyar ta samu abin da ake kira mahaɗi mai shigowa. Darajarshi kamar ta dillali ce a kasuwar bisashe: baƙon da ya zo da sa daga nesa ba ya samun mai saye sai wani sananne ya tsaya mishi, ya ce na san shi, kuma dabbar nan ba ta sata ba ce. Amma shaida suna ta tara. Ta dillalin da ya shekara 30 yana tsaya ma mutane ba ɗaya take da ta yaron da ya fara jiya ba.

Wannan dabara ta auna daraja da yawan masu ambato ta girmi intanet. Tun 1955 wani masani ɗan Amurka, Eugene Garfield, ya kawo shawarar a tara kundin da zai nuna wace maƙalar kimiyya ce ta ambaci wace, kuma a 1964 kundin nashi ya fito da sunan Science Citation Index. A 1996 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Stanford, Larry Page da Sergey Brin, suka ɗora wannan tunani bisa shafukan intanet. Sunan farko da suka ba aikinsu shi ne BackRub, domin mahaɗai masu shigowa yake bi. Shi ne ya zama kamfanin Google a 1998. Lissafinsu, mai suna PageRank, ya ce kowane shafi yana samun nauyi daga shafukan da ke nuna shi, shi ma kuma yana raba nashi nauyin tsakanin waɗanda yake nunawa. Ke nan mahaɗi guda daga shafi mai nauyi ya fi ɗari daga shafukan da babu wanda ya san da su.

Gaskiya ne lissafin Google ya sauya ƙwarai tun lokacin. A 2016 wani jami'in kamfanin, Andrey Lipattsev, ya sa mahaɗai cikin abubuwa uku mafi nauyi wajen jera sakamako. A 2023 wani jami'in, Gary Illyes, ya ce sun daina zama cikin ukun farko. Duk da haka ba su fita daga lissafi ba, kuma ta hanyarsu ce injin bincike yakan gano cewa akwai wani sabon shafi a duniya.

Masu ƙidaya huɗu

Matsalar ita ce Google ba ya buɗe ma kowa kundinshi. A da kamfanin Yahoo yana da wata taga ta kyauta, Site Explorer, inda ake duba masu nuna kowane gida, amma ya rufe ta a watan Nuwamba na 2011. Shi ma ɗan makin PageRank, daga 0 zuwa 10, da Google ke nuna ma jama'a, an janye shi a 2016. Wanda ke son ya san masu nuna gidan abokin takararshi, sai dai ya nufi kamfanoni masu zaman kansu da suka mayar da wannan ƙidaya sana'a.

Huɗu daga cikinsu suka fi suna. Akwai Majestic na birnin Birmingam a Ingila, wanda Alex Chudnovsky ya fara a 2004. Akwai Moz na birnin Siyatil a Amurka, wanda Rand Fishkin da mahaifiyarshi Gillian Muessig suka kafa, ya kuma fito da kundinshi na farko a 2008, ya sake shi da sabo mai suna Link Explorer a 2018. Akwai Semrush da aka kafa a 2008, da kuma Ahrefs, wanda wani ɗan Yukiren, Dmytro Gerasymenko, ya kafa, ya kuma zaunar da hedikwatarshi a Singafo. Kowanensu yana da nashi ɗan aike, wato wata manhaja mai bin shafuka dare da rana tana rubuta duk mahaɗin da ta gani: na Majestic sunanshi MJ12bot, na Moz DotBot, sai SemrushBot da AhrefsBot. Abin da ɗan aiken ya tattaro shi ake zubawa cikin kundi, kundin kuma shi ake saida ma jama'a bisa biyan wata-wata.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne: babu ɗayansu da ya ga intanet gaba ɗaya, kuma babu ɗayansu da ke ganin abin da Google ke gani. Mu ƴan Nijar mun san aikin ƙidaya. An ƙidaya mu a 1977, da 1988, da 2001, da 2012, lokacin da aka samu mutum miliyan 17 da ɗoriya a ƙasa, miliyan 3 da dubu 400 a jahar Maraɗi kaɗai. Dattawa kuma ba su manta da ƙidayar haraji ba, wadda in mai rubutu ya shigo gari wasu magidanta kan rage yawan iyali. Mai ƙidaya abin da ya tarar yake rubutawa. Rugar da hanya ba ta kai ba, da gidan da aka rufe mishi ƙofa, ba su shiga takarda. Haka yake a intanet. Tun 1994 akwai wata ƙa'ida da ake kira robots.txt, wadda ke ba mai gida damar ya ce ma wannan ɗan aike shigo, ya ce ma wancan koma. Gidaje da yawa suna buɗe ma Google ƙofa domin suna son baƙi, amma su rufe ma ƴan aiken waɗannan kamfanoni, ko don kada su nauyaya musu na'ura, ko don akwai abin da suke ɓoyo.

Abubuwa huɗu da ake duba wa kundi

Na farko shi ne girma, kuma shi kamfanonin suka fi tallatawa, kowa yana faɗin tiriliyoyin mahaɗan da ya tara. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Kafin a kwatanta adadi biyu sai an san abin da aka ƙidaya. Mu ɗauka wani gidan rediyo yana da shafuka 3,000 a intanet, ya kuma sa mahaɗi zuwa gidan wani ɗan kasuwa a ƙasan kowane shafi. Kundi zai rubuta mahaɗai 3,000, alhali shaida ɗaya ce aka maimaita sau 3,000. Wani ɗan kasuwan kuwa mahaɗanshi 12 kacal, amma daga gidaje 12 dabam-dabam. A idon mai hankali na biyun ya fi shaidu. Don haka adadin gidajen da ke nuni ya fi adadin mahaɗai faɗin gaskiya. Ko a nan ma akwai saɓani, domin kamfanonin ba su daidaita a kan abin da ake kira gida ɗaya ba: dubban mutanen da suka buɗe shafi ƙarƙashin Blogspot ko WordPress, wani kundi kan lissafa su gida-gida, wani kuma ya haɗe su wuri guda.

Na biyu shi ne sabunta. Kwana nawa ake yi tsakanin ranar da aka sa mahaɗi da ranar da ya bayyana a kundi? Babban gidan jarida na duniya, ƴan aike kan zagayo shi a kai a kai. Ƙaramin gida kuwa yana iya yin makonni ko watanni ba a leƙo shi ba.

Na uku shi ne gaskiyar abin da aka rubuta: mahaɗin yana raye, ko ya mutu tuni sunanshi ya saura a takarda? Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta buga a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke akwai a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Mu ma mun ga irinta: furoje kan buɗe gida a intanet, in kuɗinta suka ƙare ba mai biyan kuɗin suna, gidan ya rushe tare da duk mahaɗan da ke cikinshi. Kundin da bai share matattu ba zai fi kowa adadi, kamar maigarin da ke lissafi da mutanen maƙabarta. Majestic ya raba nashi gida biyu, ɗaya na abin da aka gani a ƴan watannin baya, ɗaya na tarihi mai tara na shekaru. Wanda ya ɗauki adadin kundin tarihi ya kwatanta da adadin mahaɗai masu rai na wani kamfani, ya auna buhu da tiya ke nan.

Cikin wannan babi ne maganar alamar nofollow take. A watan Janairu na 2005 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wannan alama, wadda mai shafi ke liƙa ma mahaɗi domin ya ce: na nuna hanya, amma ban tsaya ma mutumin ba. Mahaɗan da ke fita daga Wikipedia suna ɗauke da ita. A 2019 Google ya ƙara wasu alamu biyu, ɗaya ta mahaɗin talla, ɗaya ta abin da baƙi suka rubuta. Kundi nagari yakan ware waɗannan ya nuna su dabam. Mai son ya burge ka kuwa sai ya haɗa duka ya ba ka jimilla.

Na huɗu, wanda ya fi shafarmu, shi ne: kundin ya san unguwarmu? Kamfanonin sukan buga gwaje-gwajen da suka yi da kansu, kuma ba abin mamaki ba ne mai gwajin ya fito a gaba, tun da shi ya zaɓi filin kokawa. A 2018 wani ma'aikacin Moz, marigayi Russ Jones, ya yi dogon bayani a kan wannan, inda ya nuna cewa sakamakon kwatanci ya rataya ne ga yadda aka zaɓo gidajen da aka gwada, kuma samun zaɓin da ba ya karkata aiki ne mai wuya ƙwarai. In an gwada kundi da manyan gidajen Amurka masu Ingilishi, an san ƙarfinshi a can. Ba a san kome ba game da ƙarfinshi a kan gidan da ke rubutu da Hausa ko Faransanci ƙarƙashin alamar ƙasarmu ta .ne.

Makin da ba na Google ba ne

Bayan ƙidaya, kowane kamfani yakan ba kowane gida maki da ba ya wuce 100. Moz na kiran nashi Domain Authority, Ahrefs Domain Rating, Semrush Authority Score, Majestic kuma yana da biyu, Trust Flow da Citation Flow, ɗaya na inganci ɗaya na yawa. Waɗannan makin su ne ake kaɗa ma mutane a fuska. Abu uku ya kamata a sani game da su. Na ɗaya, ba Google ya ba da su ba, kuma jami'anshi sun sha faɗa cewa ba su aiki da makin waɗannan kamfanoni. Na biyu, ba a kwatanta makin wannan kamfani da na wancan, domin lissafin ba ɗaya ba ne, kundin da aka ɗebo shi ma ba ɗaya ba ne. Na uku, matakalar ba a miƙe take ba: hawa daga 10 zuwa 20 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba bisa hawa daga 70 zuwa 80. Hatta a kamfani guda maki kan motsa ba tare da mai gida ya yi kome ba. A watan Maris na 2019 Moz ya sake tsarin lissafinshi, gidaje masu yawa suka wayi gari makinsu ya sauya alhali ko wasali ba su taɓa ba.

Tun da an san yadda ake haɗa makin, an kuma san yadda ake kumbura shi. Akwai masu talla a intanet da ke alƙawarin ɗaga ma mutum maki cikin ƴan makonni, ta hanyar zuba dubban mahaɗai daga gidajen da aka gina don wannan aiki kaɗai. Makin yakan hau, amma ko baƙo ɗaya ba ya ƙaruwa. Kallon kitse ne ake yi ma rogo.

Halin da gundumominmu ke ciki

Yanzu mu dawo gida. Ƴan aiken nan bin mahaɗi suke yi, kuma sun fi zuwa inda aka fi nunawa. Gidan da ba mai nuna shi, ba mai zuwa. Wanda ba a zo ba kuma, mahaɗan da ke cikinshi ba su shiga kundi. Ƙididdigar W3Techs ta nuna kusan rabin gidajen intanet da Ingilishi suke, rabon Hausa kuwa bai kai ɗaya cikin dubu ba. A babban gida mai shaidu dubu 50, in kundi ya kuskure ɗari babu wanda zai lura. A gidan ƙungiyar mata masu tatsar man gyaɗa, mai shaidu bakwai, in ya kuskure uku ya zubar da kusan rabi. Kuskuren kundi ga ƙarami ya fi tsanani, mu kuwa duk ƙanana ne.

Ga kuma wata matsala da ta fi wannan. Mafi yawan hirarmu ba ta shiga inda ɗan aike ke gani. Farashin aya da na wake, da labarin saukar ruwa, da sanarwar magajin gari, galibi ta WhatsApp suke yawo, da yawa ma cikin saƙon murya. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke tun 2016, babu ɗan aiken da ke karanta su, haka ma rufaffun zaurukan Facebook. Ɗan kasuwa yana iya zama sananne daga Tibiri har Jibiya, adireshin gidanshi ya shiga salula dubu, kundi ya ce shaidunshi sifiri ne. Kundin bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa, amma wanda ya ɗauki sifirin a matsayin darajar mutumin ya yi kuskure.

Sunayen garuruwanmu ma suna ƙara rikita lissafi. Takardun gwamnati suna rubuta Aguié, da Gazaoua, da Guidan Roumdji, mu kuma muna rubuta Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji. Wanda ya rubuta Gazawa cikin injin bincike yana iya faɗawa kan labaran gazawar wani minista ko ta wata ƙungiyar ƙwallo, ko kuma garin Gazawa na arewacin Kamaru. Tibiri biyu ce a ƙasarmu, ta Gobir a gundumar Gidan Rumji, da ta jahar Doso. Ita kanta Gazawa sai a 2011 aka cire ta daga Agye ta zama gunduma, lokacin da yawan gundumomin ƙasa ya tashi daga 36 zuwa 63, ke nan wani ɓangare na abin da aka rubuta a kanta kafin wannan shekara ƙarƙashin sunan Agye yake. Kundin da ke tara kalmomin da aka rubuta a jikin mahaɗi bai san duk wannan ba. Ɗan gari ne ya sani.

Sakamakon haka, abin da duniya ta fi gani game da yankinmu shi ne abin da manyan gidajen waje suka rubuta, domin su ke da nauyin mahaɗai. Wani mai daɗi ne, kamar labarin sassabin zamani, wato barin kututturen itace ya sake tofo a gona, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a yankin Maraɗi a 1983, ƙauyen Ɗan Saga na Agye kuma ya yi suna da shi, da kuma rahotannin furojen PPILDA da asusun FIDA ya ba kuɗi. Wani kuma mai ɗaci ne, kamar rahotannin yunwar 2005. Duka gaskiya ne, amma duka da bakin wasu aka faɗe su.

Gwajin da kowa ke iya yi

To, yaya mai ƙaramin gida zai san kundin da ya dace da shi? Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin ba ya bukatar kuɗi.

Da farko ya yi rajistar gidanshi a Google Search Console. Kyauta ne, kuma yana nuna ma mai gida wani kaso na mahaɗan da Google da kanshi ya gani. Microsoft ma yana da irinshi, Bing Webmaster Tools, haka kuma Ahrefs ya buɗe ƙofar kyauta ga masu gida tun 2020. Sannan ya ɗauki kaye da alƙalami ya rubuta duk mahaɗin da ya san da shi da idonshi: jaridar da ta ambace shi, ƙungiyar da ke hulɗa da shi, makarantar da ta sa sunanshi. Ko goma ne sun isa. Mai ɗaki shi ya san inda ke mishi yoyo. Daga nan ya duba kundi-kundi ya gani, cikin goman nan nawa kowane ya sani. Wanda ya san takwas ya fi wanda ya san uku, ko da na biyun yana tutiyar tiriliyoyi.

Bayan haka ya juya gwajin. Cikin jerin da kowane kundi ya ba shi ya zaɓi 20 ba tare da duba ba, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Nawa ne ke buɗuwa? Cikin masu buɗuwa, nawa ne mahaɗin ke nan har yanzu? Nawa ne shafukan mutane na gaske, nawa ne juji da na'ura ta tara? A ƙarshe ya roƙi wani abokin hulɗa ya sa mishi sabon mahaɗi, ya rubuta ranar, ya riƙa dubawa mako-mako har ya ga kundin da ya fara gano shi. Cikin wata guda zai san abin da babu tallar da za ta faɗa mishi.

Wannan gwaji yana da muhimmanci domin kuɗin ba kaɗan ba ne. Cikakken rajista a wasu daga cikin kamfanonin nan ya haura dolar Amurka 100 a wata, wato sama da jaka 50 na sefa, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu jaka 42 ne tun farkon 2024. Ga ƙungiyar manoma ko gidan rediyon karkara, ƙofofin kyauta sun wadatar. Shi kuwa mai sana'ar gyaran shafi da ya zo da takardarshi, a yi mishi tambaya huɗu: wane kundi ne, wace rana aka ɗebo adadin, mahaɗai ne ko gidaje, masu rai ne ko har da matattu? Na kirki zai amsa da fara'a. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba da amsa.

Shaidar da aka saya

Saura gargaɗi a kan sayen mahaɗai. Dokokin Google sun hana sayen mahaɗi domin hawa sahu, kuma ko manya ba su tsira ba. A watan Fabrairu na 2011 jaridar New York Times ta fallasa cewa dubban mahaɗai daga gidajen da ba ruwansu da tufafi suna nuna babban kantin Amurka J. C. Penney, wanda hakan ya kai shi sahun farko a bincike iri-iri. Google ya tura shi can baya na tsawon watanni, kantin ya ce bai san da aikin ba, ya kuma sallami kamfanin da ke mishi gyaran shafi. A watan Afirilu na 2012 Google ya fito da wani sabon tace mai suna Penguin domin irin wannan maguɗi, kuma tun 2016 abin da ya fi yi shi ne ya zubar da ƙimar mahaɗan banza. Ke nan wanda ya biya jaka 30 aka zuba mishi mahaɗai dubu biyar, in ya yi sa'a ya yi asarar jaka 30 kaɗai. Araha ba ta ado.

Hanyar da ta rage ita ce mai wuya, ita ce kuma mai ɗorewa: mu riƙa nuna juna. Muna da gidaje masu nauyi daidai gwargwado. Akwai na RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, mai ɗauke da takardun noma masu yawa, wasu ma da Hausa. Akwai jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da cibiyar INRAN, da jaridun Yamai. In malamin jami'a ya yi bincike da manoman Ɗan Saga, ya sa mahaɗi zuwa gare su in suna da gida. In ɗan jarida ya ɗauko farashi daga wata ƙungiya, ya nuna inda ya ɗauko maimakon ya kwafe ya yi shiru. In gidan rediyo ya watsa shiri mai amfani, ya rubuta taƙaitaccen bayaninshi a shafi mai adireshin da ba ya sauyawa, da sunan gari a rubutun Hausa da na Faransanci gaba ɗaya. In furoje za ta rufe, ta miƙa takardunta ga ma'aikatar da za ta ci gaba da riƙe su. Ma'aikatun magajin gari na Agye, da Cadawa, da Gazawa, da Gangara, da Gidan Rumji, da Tibiri, su ma suna da rawar takawa, domin shafin hukuma da ya jera ƙungiyoyin garinshi shaida ce da ba ta sayuwa.

Kundin Birmingam ko na Singafo ba zai rubuta abin da ba mu rubuta ba. Kafin mu biya wani ya ƙidaya mana shaidu, mu tabbata akwai shaidun. In kuma an zo mana da adadi, mu nemi a nuna mana tiyar da aka auna shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.